Masu Goge Huɗu da Bakin Mutumin Maradi

Sitonmu yana China, bayan titin Guangyuan Xilu, cikin wani lungu da motar kaya ba ta shiga sai da baya. Aikina a can ɗaurin kaya ne. Alhaji, maigidana, mutumin Kano ne kamar ni. Shi ke sayo tufafi a Shisanhang da jakunkuna a Shiling, ni kuwa in tattara, in danne, in ɗaure dila, in naɗe da salatif, har ranar da za a loda kwantena. A lokacin ban daɗe da fara koyon karatun boko ba, da furfurata da komai. Lambar da ke jikin kwali ma sai na tsaya na bi ta da yatsa.

Akwai wani laoban a Shiling, wato mai masana'antar jakunkuna, da Alhaji ya daɗe yana hulɗa da shi. Ba ya jin Turanci, sai dai ya kira ɗansa ya yi tafinta. Yaron dogo ne, mai kunya, idan yana magana yana kallon takalminsa. Wata rana ya biyo motar jakunkuna har sito. Da aka gama saukewa sai ya tsaya tsakanin dilolin, ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Ya sake tafawa. Na ɗauka sauro yake kashewa.

Ashe wurin yake aunawa. Ya ce wa Alhaji su huɗu ne, ɗaliban makarantar kiɗa, suna neman inda za su riƙa gwaji da yamma. Ɗakunan makaranta sun yi musu kaɗan, a gida kuma maƙwabta na dukan bango. Nan kuwa tufafi na shanye ƙara, kowa zai ji ɗan'uwansa sosai.

Alhaji ya ce, "Wane irin kiɗa?"

Yaron ya nuna masa hoto a waya. Alhaji ya miƙo mini yana dariya. "Malam, zo ka gani. Goge ne. Mun baro shi a gida ya biyo mu har China."

A garinmu goge ba abin da ɗan mutunci ke tsayawa saurare ba ne. Ina yaro, idan aka gan ka a ƙofar gidan da ake yinsa, kafin ka kai gida labari ya riga ka, bulala na jira. Amma Alhaji ba ya son ɓata wa laoban rai. Ya yarda, da sharaɗin idan lokacin salla ya yi su dakata, kuma kada su kawo ganga. Yaron ya ce ba su da ganga. Na yi mamaki. Goge ba ƙwarya, ba kalangu, ba 'yan amshi?

Suka zo da akwatunansu a goye. Maza biyu, mata biyu. Goge biyu ƙanana da ake maƙalewa ƙarƙashin haɓa, ɗaya ya ɗan fi su girma, sai kuma babban na ɗan laoban, wanda yake zaunar da shi tsakanin gwiwoyinsa kamar mai riƙe da ɗan maraƙi. Suna ce mini shushu, wato kawu. Na jawo musu kwalaye suka zauna a zagaye, suna fuskantar juna.

Na ɗauka za su fara kiɗa ne. Ina! Sai da suka daɗe suna murɗa kunnuwan gogen, suna jan sauti ɗaya tak, domin damshin garin nan yana sassauta tsirkiya, musamman lokacin da bango ke gumi. Suka shafa ƙaro a izga, kamar dai na gida. Sannan suka ɗauki wani ɗan guntun kiɗa, wanda bai fi tsawon sallama da amsawa ba, suka ƙarar da yammacin a kansa. Su yi, su tsaya, su yi gardama, su sake. Wani lokaci a hankali ƙwarai, har ka rasa gane kiɗa ne. Takardunsu cike da ɗige-ɗige masu wutsiya a kan layuka. Na ga su ma bin su suke ɗaya bayan ɗaya, yadda nake bin nawa baƙaƙen, sai na ji sun kwanta mini a rai.

A hankali na san su. Babbarsu yarinya ce gajeriya mai kaifin ido, ita ke riƙe da goge na farko. Tun kafin ta iya ɗaura takalmi aka ba ta ɗan ƙaramin goge. Ta nuna mini tabon da ya yi mata a wuya, baƙi kamar na mai yawan sujada a goshi. An taɓa yi mata tayin kujera a wata babbar ƙungiyar makaɗa, ta ƙi, ta ce a can mutum ɗaya ke kaɗa sanda kowa ya bi, ita kuwa tana son inda za ta yi musu. Mai tabarau, na biyunta, yana koyar da yara ranar Asabar, ya dawo kunnensa na ciwo. Mai matsakaicin gogen tana kiɗa a wurin bukukuwan aure, ta ce amarya ba ta taɓa sanin ta yi kuskure ba. Yatsunsu na hagu duk sun yi kanta, ba su kai nawa ba dai, amma na girmama su.

Ɗan laoban shi ne mai matsala. Makarantarsu za ta zaɓi rukuni ɗaya na mutum huɗu, a riƙe su a ci gaba da horar da su wurin manyan malamai, a riƙa tura su garuruwa suna kiɗa. Ubansa ya ce masa wannan ne karo na ƙarshe. In an zaɓe su, ya sake shi. In ba a zaɓe su ba, ya rufe goge a akwati ya zo ya zauna a ofishin masana'anta. Sauran ukun kuma sun ce in ba shi, sun watse, don sun yi shekaru kafin kunnensu ya saba da juna.

Alhaji da ya ji sai ya ce, "To ni wace addu'a zan yi? In ka faɗi na samu tafinta na dindindin."

Yaron ya ce, "Alhaji, ka yi mini ta cin nasara, zan samo maka wani tafintan."

"Wani ba zai ji kunyata ya rage mini farashi ba."

Wata yamma babbarsu ta same ni ina ɗaure dila. Ta ce malamarsu ta gaya musu aibinsu: a ɗaki su kaɗai sun iya, amma da mutum zai yi tari a gabansu sai su rikice. Tana so mu zauna mu saurare su, ko sa saba da idon mutane. Na gaya wa Alhaji, Alhaji ya gaya wa maƙwabta. Bayan la'asar muka taru, 'yan Kano da 'yan Nijar. Wani dattijo ya leƙo, ya ga goge, ya yi a'uziyya ya koma. Sauran muka hau kan diloli.

Cikinmu akwai mutumin Maradi, mai sito a jikin namu. Ƙato ne, mai fara'a, muryarsa tana kaiwa bakin titi. Tunda na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai in yana salla.

Suka fara. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ƙaramin goge ya faɗi magana, na biyu ya amsa, babban ya yi gyaran murya daga ƙasa kamar tsoho a zaure. Mu dai a wurinmu, makaɗi ya yi abin kirki ka yi shiru, ai ka wulaƙanta shi. Sai aka fara: "Madalla!" "Kai, yarinyar nan!" "Sannu da aiki!" Mai tabarau ya ɗago a firgice. Mutumin Maradi kuwa ya sauko daga kan dila yana laluben aljihu. A garin nan kowa da waya yake biya, takardar kuɗi sai an tona, amma ya samo wata tsohuwar sefa a bayan fasfonsa. Ya taka har tsakiyarsu ya manna wa ɗan laoban a goshi. Goshin da gumi, ta kama, ta rufe masa ido ɗaya.

Kiɗa ya watse. Yaron ya zauna da takarda a fuska bai motsa ba, yana tsammanin wani laifi ya yi.

"Mi ya faru?" in ji mutumin Maradi. "Sun ƙare?"

"Kai ka ƙarar da su," in ji Alhaji.

Na yi musu bayani da ɗan Turancina da taimakon waya, cewa liƙi ake ce masa, girmamawa ce. Mai matsakaicin gogen ta yi dariya har da hawaye. Babbarsu ba ta yi dariya ba. Ta ƙare mana kallo, sannan ta ce, "Gobe ma ku zo. Ku yi abin da ya fi haka."

Haka muka zama masu horar da makaɗa. Kullum bayan la'asar, su suna kiɗa mu muna abin da muka saba. Ina jan salatif, wanda ƙararsa kamar ana yaga zani. Alhaji yana faɗa da mutanen Kano a waya. Masu kawo kaya suna shigowa da kura suna ihun a ba su hanya. A farko suna tsayawa. Daga baya suka daina. Har ta kai ana iya sauke kwali a bayan mai tabarau bai ƙifta ba. Mutumin Maradi ya yi ta manna sefarsa, ita ɗin dai, domin kullum ana mayar masa, ɗan laoban kuma ya koyi kiɗa da ido ɗaya.

A cikin kiɗan da za su kai gaban alƙalai akwai wani wuri mai wuya. Duk huɗun suna gudu, suna hawa, sai su tsaya cak. Shiru. Ba gajeren shiru ba, irin wanda har za ka ɗauka an gama. Daga cikinsa babban goge zai shigo shi kaɗai, a hankali, sauran su biyo shi. Can baya wurin nan ne ke kayar da ɗan laoban, ko ya yi gaggawa ko hannunsa ya yi rawa. Amma tunda muka fara zama ya daina kuskure. Kowa ya yi murna. Mutumin Maradi ya fi kowa son wurin, don nan ne ake jin muryarsa sosai. Da sun tsaya sai ya ɗan jira, ya ga ba wanda ya ce komai, ya kasa daurewa, ya ɗaga hannu: "Allah shi ƙara basira, ɗan laoban!" Sai goge ya shigo.

Ana saura 'yan kwanaki malamarsu ta zo ta ji su. Tsohuwa ce 'yar firit, da lema da gorar shayi. Ta gaishe mu da ladabi, ta zauna a kan kwali. Ta bar su suka yi sau ɗaya cikin hayaniyarmu, tana gyaɗa kai. Sannan ta roƙe mu, ta bakin babbarsu, mu yi shiru gaba ɗaya, domin haka zauren zai kasance.

Muka yi shiru. Suka yi gudu, suka hau, suka tsaya. Muka jira. Ɗan laoban ya ɗora izga a kan tsirkiya, bai ja ba. Shirun ya yi tsawo har ya lalace. Babbarsu ta harare shi, ya shigo a gurguje, a karkace.

Aka sake. Haka dai.

Tsohuwar ta kurɓi shayinta. Ta ɗaga lema ta nuna mutumin Maradi, ta yi magana. Babbarsu ta fassara tana rufe baki: "Ta ce ba shirun yake ji ba. Wannan kawun yake jira. Shi ne ke ba shi alama."

Ashe duk kwanakin nan yaron bai koyi shiga da kansa ba. Kunnensa ya riƙe "ɗan laoban", da ya ji sai ya ja. Shi kansa bai sani ba. Fuskarsa ta yi fari.

Mutumin Maradi ya dafe ƙirji. "Ni? To ai da sauƙi. Ku tahi da ni, in zamna gaba, in lokaci ya yi in yi mishi addu'a tai."

"Su fitar da kai da 'yan sanda," in ji Alhaji.

"Bakano, addu'a laihi ce?"

Tsohuwar ta ce magani ɗaya ne. Mu ci gaba da zuwa, mu cika wurin, mu zuba masa ido, amma kada wanda ya yi ko tari. Ya saba da shirun da ke cike da mutane.

Na ɗauki dila a ka, na yi azumi a zafin garin nan, amma ban taɓa aiki mai wuya kamar wannan ba. Muka tara wayoyi a kwali aka kai waje. Ranar farko Alhaji ya yi shiru da kyau, ashe barci ya yi, daidai wurin ya saki minshari. Wani ɗan Yamai dariya ta kama shi, ta kama na kusa da shi, muka watse. Mutumin Maradi ya gwada cusa dabino a baki. Da wurin ya zo sai muka ji "Mmm!" daga hancinsa, yaron kuwa ya bi ta. Babbarsu ta ajiye goge ta ce, "Shushu, ko hanci ba a yarda ba."

"Wagga yarinya ta hi soja," in ji shi. Ya dube ta. "Shugaba, numfashi hwa? An yarda?"

Aka ɗora mini tsaronsa. Ina zama kusa da shi, in wurin ya matso in riƙe masa hannun riga.

A cikin shirun nan ne na fara jin abin da hayaniyarmu ta rufe. Ba su da ganga, ba mai ƙirga musu, amma kafin su fara babbarsu takan ja numfashi ta hanci, kaɗan, sauran su ja tare da ita, sai su faɗa a tare. Abin da tsohuwar ke ta nuna wa ɗan laoban ke nan. Kada ya ƙirga, kada ya jira kowa. Ya bar shirun ya cika, ya ja numfashinsa, hannu zai bi. Wata rana ya samu, washegari ya rasa. Ranar ƙarshe ya samu sau ɗaya, ya rasa sau ɗaya. A haka muka rabu.

Ranar zaɓen an yarda 'yan kallo su shiga, sai muka je. Bayan azahar ne. Muka sa manyan riguna muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane na ɗaukarmu hoto. A ƙofar zauren muka haɗu da laoban na Shiling, ya sa kwat, yana ta juya makullin mota a hannu. Alhaji ya ce masa ni hao, wato sannu, ya tambaye shi da hannu ko yana jin tsoro. Ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Amma makullin bai daina juyawa ba.

Wasu rukunai suka riga su. Mu dai muka zauna kamar gumaka, har wata mata a gabanmu ta waiwayo ta yi mana murmushi. Da namu suka fito cikin baƙaƙen kaya, na ga sun ƙanƙance a kan dandamalin. Babbarsu ta ja numfashi. Daga inda nake na ji shi.

Suka yi ta tafiya. Na san hanyar kiɗan kamar hanyar sito, na san inda kwanar take. Da suka fara hawa na kama hannun rigar mutumin Maradi. Ya cire hularsa ya cusa a baki. Suka tsaya.

Zauren ya yi tsit. Ina jin ƙaton nan yana rawa a gefena kamar tukunya a kan wuta. Gumi na bin wuyansa. Ɗan laoban bai kalli takarda ba, bai kalli inda muke ba. Kafaɗunsa suka ɗaga a hankali, suka sauka, sai sautin ya fito daga ƙasa, a natse, kamar dama can yana nan. Sauran suka bi shi.

Ban san lokacin da na saki rigar ba. Da suka kai ƙarshe mutane suka fara tafi, mutumin Maradi ya zare hula daga baki ya ce mini, "Yanzu hwa?" Na ce yanzu an yarda. Ya miƙe tsaye. Duk abin da ya haɗiye na kwanaki ya fito a lokaci ɗaya, har da kirarin da ban san ya iya ba. Alƙalai suka waiwayo. Tsohuwar malamar, can gefe, ta ɗaga masa lema.

Muka jira a waje har aka fito da sakamako. Su aka zaɓa. Mai tabarau ya zauna a ƙasa, 'yan matan suka rungume juna. Ɗan laoban ya je gaban ubansa ya tsaya yana kallon takalminsa. Uban ya zagaya bayansa, ya kama madaurin akwatin gogen, ya murza shi da yatsa, ya yi tsaki, ya faɗi wata magana.

Alhaji ya ce, "Me ya ce?"

Yaron ya ɗago, idonsa ya yi ja, yana dariya. "Ya ce wannan ɗinkin banza ne, ba zai kai ni ko'ina ba. In kawo masa gobe ya yi mini na fata."

"To ka gaya masa saura ni," in ji Alhaji. "Ya raba ni da tafinta, sai ya rage mini a jaka."

Yaron ya fassara. Laoban ya ce meyo.

Mutumin Maradi ya riga ya ciro sefarsa. Wannan karon yaron da kansa ya sunkuyo da goshi, kuma bai mayar ba. Ya buɗe akwatin ya sa ta a ƙarƙashin izga, muka rankaya neman inda za mu yi la'asar.